Reggie Bush a USC: shekara 3 yana gudu, shekara 14 ana rigimar kofinsa

In ka duba kundin hukumar NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, za ka ga wai jami'ar USC ta birnin Los Angeles ba ta ci wasa ko ɗaya ba a kakar 2005. Alhali wasa 12 suka ci a jere a shekarar, mutane wajen dubu 90 suna cika filin Coliseum suna kallo da idonsu, ga miliyoyi a talabijin, kuma bidiyon na nan a YouTube har gobe. An goge ne kawai da biro. Dalilin gogewar kuma mutum ɗaya ne, yaron da ke sa riga mai lamba 5, Reggie Bush, wanda da yawa daga masu bin ƙwallon Amurka ke cewa ba su taɓa ganin ɗan kwaleji mai daɗin kallo irinsa ba.

Kafin a shiga rigimar sai an ɗan fahimci wasan, don mu nan ƙwallon ƙafa muka sani, wannan kuwa da hannu ake yinta kuma da karo. Filin yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta ci gaba da yadi 10, in ta yi sai a sake ba ta wasu 4, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. In ka kai ƙwallon ƙarshen fili ka ci tacdawun, maki 6 kenan. Hanya biyu ce ta ci gaba, ko kwatabak, wato jagoran hari mai raba ƙwallo, ya jefa wa wani ya cafe, ko ya miƙa wa mai gudu da ƙwallo, wanda suke kira ranin bak, shi kuma ya rungume ta ya kutsa cikin ƙartai 11 da babu abun da suke so illa su kayar da shi ƙasa. To a duk filin nan babu wanda ke shan duka kamar ranin bak. Duk sanda aka ba shi ƙwallo kusan tabbas da karo za a ƙare, wani lokaci mutum uku ko huɗu a kansa, gwiwa da idon sawu da kafaɗa duk suna ji a jikinsu. Shi yasa sana'arsu gajeriya ce, yawancinsu kafin su kai shekara 30 an fara cewa sun tsufa.

Riƙe wannan a ranka, don shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Ƙarfin ranin bak yana ƙafarsa ne tun yana shekara 19, 20, 21, kuma daidai waɗannan shekarun ne tsarin Amurka ya ce dole ya yi su a kwaleji. Dokar NFL, babbar gasar ƙwararru, ta ce ba za a ɗauki ɗan wasa ba sai ya yi shekara 3 da gama sakandare. Ita kuma NCAA a wancan lokacin dokarta ta ce ɗan kwaleji ba ƙwararre ba ne, ɗalibi ne mai wasa don sha'awa, saboda haka ba albashi, ba talla, ba kyauta daga kowa saboda wasansa, abun da zai samu kawai sikolashif, wato kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai. A Turai yaro ɗan shekara 17 yana sa hannu a kwantiragi ya fara ɗaukar albashi, Messi da Rooney duk haka suka taso, amma a ƙwallon Amurka babu wata ƙofa sai ta kwaleji.

Bush ɗan yankin San Diego ne a jihar Kalifoniya, an haife shi 1985, ya yi sakandaren Helix inda suka yi wasa tare da Alex Smith wanda daga baya ya zama na farko da aka zaɓa a diraft ɗin NFL na 2005, wato taron da ƙungiyoyin NFL ke zaɓar 'yan kwaleji bi da bi. Har lambar wayar yankinsu, 619, yake rubutawa a baƙin abun da suke mannawa a ƙasan ido. Ya shigo USC a 2003 lokacin koci Pete Carroll ya fara tada ƙungiyar daga barci. Kuma akwai wani abu da ya kamata a sani game da Los Angeles na wannan zamanin, birni ne na biyu mafi girma a Amurka amma tun 1995 ba shi da ƙungiyar NFL ko ɗaya, Rams da Raiders duk sun yi ƙaura, sai 2016 Rams suka dawo. To USC ce ta zama ƙungiyar gari. Su Snoop Dogg da Will Ferrell a bakin fili kake ganinsu, 'yan wasan da ko kwabo ba a biyansu sun zama taurari a garin taurari.

Shekararsa ta farko bai yi wani gudu mai yawa ba, yadi 521, amma an ga alama. A 2004 ya yi yadi 908 da gudu, ya ƙara wasu 509 da cafe jifa, ga shi kuma shi ke dawo da ƙwallo in abokan karawa sun buga ta. Ya zo na 5 a zaɓen Heisman, kofin da ake bai wa gwarzon ɗan kwaleji na shekara, wanda abokin wasansa kwatabak Matt Leinart ya ɗauka. Suka rufe kakar da lallasa Oklahoma 55 da 19 a wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2005.

Abun da ya bambanta shi ba ƙarfi ba ne, don ba wani ƙato ba ne a ma'aunin wasan. Birki ne da sauya hanya. Yana cikin gudu da iya ƙarfinsa zai tsaya cak, mai binsa ya wuce fuu, shi kuma ya juya ya bi ta ɗaya gefen kamar ba a yi komai ba. Sannan Carroll da mataimakansa sun yi wayo, ba su ɗora masa duk kayan ba. Akwai LenDale White, wani jibgegen ranin bak da ake bai wa ƙwallo in ana son a fasa tsakiya da ƙarfin tsiya ko in saura yadi 1 ko 2, shi kuma Bush a fitar da shi gefe inda fili yake, ko a tsayar da shi kamar mai cafe jifa don a haɗa shi da wani mai tsaro da ba zai iya binsa da gudu ba. Tsawa da walƙiya ake ce musu. A 2005 White ya ci tacdawun 24 da gudu, Bush 16, amma duba wannan, Bush sau 200 kacal aka miƙa masa ƙwallo ya yi yadi 1,740, wato kusan yadi 8.7 duk ɗauka ɗaya, a wasan da in kana samun yadi 5 ana ce maka gwani. Derrick Henry na Alabama da ya ci Heisman a 2015 sai da ya ɗauki ƙwallo sau 395 kafin ya tara yadi 2,219 nasa. Kusan ninki biyu na dukan da Bush ya sha kenan.

Wasanni uku ne suka gina sunansa a shekarar, kuma kowanne da irin nasa labarin.

Na farko a gidan Notre Dame, 15 ga Oktoba 2005. Notre Dame sun fito da korayen riguna da suke ajiyewa sai babban wasa, kuma an bar ciyawar filin ta yi tsawo, wanda mutanen USC suka ɗauka da gangan ne don a rage wa Bush gudu. Bai hana shi yin yadi 160 da tacdawun 3 ba. Duk da haka ana saura kaɗan a tashi Notre Dame na gaba 31 da 28, USC na kan damarsu ta huɗu saura yadi 9, Leinart ya jefa wa Dwayne Jarrett wata ƙwallo da ta tafi yadi 61. Suka iso bakin layi saura daƙiƙoƙi, Leinart ya yi ƙoƙarin kutsawa da kansa, aka tare shi, sai Bush ya zo ta baya ya ingiza shi ya faɗa ciki. 34 da 31. Matsalar ita ce a dokar lokacin haramun ne ka tura mai riƙe da ƙwallo, alƙalai dai ba su hura ba, kuma har yau in ka tsokano magoyin bayan Notre Dame da maganar turin nan sai ransa ya ɓaci. Abun dariya, a 2013 NCAA ta halatta turin. Ba wannan ne karo na ƙarshe da za a halatta abun da Bush ya yi bayan an gama zaginsa a kai ba.

Na biyu da Fresno State a watan Nuwamba, ƙungiyar da ba wanda ya zaci za ta ba USC wahala amma ta ba su, aka tashi 50 da 42. A daren nan Bush ya tara yadi 513 in an haɗa gudu da cafewa da dawo da ƙwallo, 294 daga ciki gudu ne zalla. A nan ne ya yi wannan gudun da ake ta maimaitawa, ya bi gefen fili kamar zai fita, ya taka birki, ya ɗan kai ƙwallon bayansa, ya yanko tsakiya ya bar mutane suna kama iska. Daga wannan daren zaɓen Heisman ya ƙare. Ya ƙara yadi 260 a kan UCLA, sannan a Disamba aka ba shi kofin da ƙuri'u 784 na matsayi na farko, Vince Young na Teksas ya zo na biyu da tazara mai nisa.

Na uku kuma shi ne wanda suka sha kashi, Rose Bowl, wasan ƙarshe na ƙasa, 4 ga Janairu 2006, USC da Teksas, kowa bai yi rashin nasara ba duk kakar, USC na kan wasa 34 a jere ba a doke su ba. Mutane da yawa har yanzu suna cewa ba a taɓa wasan kwaleji kamarsa ba. Bush ya yi wani kuskure a zubi na biyu cikin huɗu, ya yi gudu mai kyau ya shiga yankin Teksas sai kawai ya yi ƙoƙarin wurga wa abokinsa ƙwallo ta gefe, abokin bai shirya ba, Teksas suka ɗauke. Ya rama da wani tacdawun na yadi 26 da ya tashi sama ya dira a kusurwa. Amma abun da ake ta muhawara a kai shi ne saura minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi, USC na gaba 38 da 33, dama ta huɗu saura yadi 2, in sun samu wasa ya ƙare. Carroll ya ce a je, aka bai wa White, aka tare shi. Bush fa? Yana tsaye a bakin fili, ko cikin filin ba a sa shi ba. Ni a ganina bai wa White ba laifi ba ne don duk daren Teksas sun kasa tare shi, laifin shi ne cire Bush, don ko ba za a ba shi ƙwallo ba tsayuwarsa kaɗai za ta ja mutum ɗaya ko biyu daga tsakiya. Vince Young ya karɓi ƙwallo ya gangaro, saura daƙiƙa 19 ya shiga da ƙafarsa daga yadi 8. 41 da 38.

Shikenan wasansa na kwaleji. Ya cika shekara 3 ɗin da doka ta ce, ya bar shekarar ƙarshe ya shiga diraft, Houston da ke da zaɓin farko suka ba kowa mamaki suka ɗauki Mario Williams, New Orleans Saints suka ɗauke shi na biyu a Afrilun 2006.

To a daidai wannan satin ne 'yan jaridar Yahoo Sports suka fito da labarin gidan. Iyayen Bush suna zaune a wani gida a Spring Valley kusa da San Diego, mallakar wani ɗan kasuwa Michael Michaels, wanda shi da wani Lloyd Lake suke ƙoƙarin kafa kamfanin wakilcin 'yan wasa da tallace-tallace, kuma Bush suke so ya zama babban kamunsu na farko. Abun da binciken NCAA ya ce daga baya shi ne iyalin sun zauna a gidan ba haya, an ba su kuɗi a hannu, an biya musu otal da tafiye-tafiye, har da kuɗin wata tsohuwar mota Chevrolet Impala da Bush ke hawa. Da lokacin zaɓen ejan, wato wakili, ya zo sai Bush ya tafi wajen wasu. Mutanen nan suka ga an ci kuɗinsu an bar su, Lake ya kai ƙara kotu yana neman kusan dala 300,000, kuma ya je ya zauna da masu binciken NCAA ya zazzage musu komai. Da an biya mutanen nan tun farko cikin sirri mai yiwuwa da ba wanda zai ji labarin, wannan kam kusan kowa ya yarda.

A nan ne maganar ke da sarƙaƙiya, don mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai jami'a ko masu kuɗin da ke goyon bayanta su biya yaro don ya zo ya buga musu, wannan shi ne abun da ya jawo aka rufe ƙungiyar jami'ar SMU gaba ɗaya a 1987. Na Bush ba haka ba ne. Ba USC ta ba shi kuɗi ba, ba kuma don ya zo USC aka ba shi ba, yana can tuni. Masu ba shi kuɗin ma burinsu ya bar makarantar da wuri ya shiga NFL su fara cin kamasho. Kuɗin bai ƙara masa gudu ba, bai sa USC ta ci wasan da da ba za ta ci ba. Amma a dokar NCAA da zarar ka karɓi wani abu daga ejan ka zama ƙwararre, ba ka cancanci wasa ba, kuma duk wasan da ka buga daga ranar haramtacce ne. Suka ce daga Disamban 2004 ya daina cancanta.

Sai tambaya ta biyu, me ya shafi makaranta? NCAA ta ce USC ta gaza sa ido, kuma kocin masu gudu Todd McNair ya sani ko ya kamata ya sani. Babbar hujjarsu a kansa wata waya ce da bata kai minti 3 ba tsakaninsa da Lake a Janairun 2006. McNair ya rasa aikinsa, ya kai NCAA ƙara kan ɓata suna, wani alƙali a Los Angeles da ya karanta saƙonnin da 'yan kwamitin suka riƙa aika wa juna ya ce akwai mugun nufi a yadda aka yi masa, aka yi ta jan shari'ar shekara 10 kafin su sasanta a 2021. Shugaban kwamitin da ya yanke hukuncin kuma, Paul Dee, tsohon daraktan wasanni ne na jami'ar Miami, ya yi wa USC wa'azi cewa manyan 'yan wasa sai da babban sa ido, ba a yi shekara biyu ba sai ga labari ya fito cewa a zamaninsa a Miami wani ɗan damfara Nevin Shapiro ya shafe shekaru yana yi wa 'yan wasa ruwan kuɗi da shagali. Laifi tudu ne dai.

Hukuncin ya fito 10 ga Yuni 2010, shekara 4 bayan Bush ya bar makarantar, wata 4 bayan ya ci Super Bowl, kofin NFL, da Saints. An haɗa da wata badaƙalar ɗan ƙwallon kwando O.J. Mayo. Aka hana USC wasannin ƙarshen kaka na shekara 2, aka rage musu sikolashif 30 cikin shekara 3, aka goge nasarori 14, biyu na ƙarshen kakar 2004 da 12 na 2005, aka ce dole makarantar ta raba gari da Bush, kar a ga hotonsa ko rigarsa, kar ya taka wajen. USC ta mayar da kwafin kofin Heisman da ke hannunta, a Satumba shi ma Bush ya sallama nasa kafin a ƙwace, karo na farko a tarihin kofin tun 1935. Ba a bai wa Vince Young ba, aka bar shekarar 2005 fayau ba suna. A 2011 aka ƙwace kambun BCS na 2004, wato kambun zakaran ƙasa da suka ci a kan Oklahoma, duk da cewa kamfanin dillancin labarai na AP ya ce shi nasa kambun, wanda 'yan jarida ke bayarwa da ƙuri'a, yana nan a hannun USC.

Yanzu ka duba waye ya ji a jikinsa. Pete Carroll, wanda rahotanni suka ce albashinsa ya haura dala miliyan 4 a shekara, ya riga ya tafi Seattle Seahawks tun Janairun 2010, wata 5 kafin hukunci, ya je ya ci Super Bowl ɗinsa a can. Bush na da kwantiragin miliyoyi. Waɗanda aka hana wasan ƙarshen kaka yara ne da suke ƙaramar sakandare lokacin da ake zaune a gidan Spring Valley, sannan sikolashif 30 ɗin nan yara 30 ne da da sun yi karatu kyauta a USC. Gidajen talabijin da suka sayar da talla a kan wasannin da aka ce wai ba a yi ba, ba wanda ya ce su dawo da ko sisi. Riguna masu lamba 5 da aka yi ta sayarwa ba suna a baya, don a ce ba tasa ba ce, su ma kuɗinsu ya zauna inda ya zauna.

Ban ce Bush waliyyi ba ne fa. Ya san dokar, duk ɗan kwaleji ana karanta masa ita, abokan wasansa da yawa da suka fi shi talauci sun haƙura sun bi ta, kuma ya ɗauki shekaru yana kewaye-kewaye bai fito ya faɗi abun da ya faru dalla-dalla ba, wanda hakan ya ƙara wa makarantar wahala. Wanda ya ce ya karya doka bai yi ƙarya ba. Inda na rabu da su shi ne a kan ita dokar, da kuma wa take karewa.

Koma kan maganar ƙafa. A Janairun 2003, shekarar da Bush zai shiga USC, Willis McGahee na Miami ya yi kaca-kaca da gwiwarsa a wasan ƙarshe na ƙasa, ana saura 'yan watanni ya shiga diraft a sahun farko, ya ci sa'a Buffalo suka ɗauke shi duk da haka amma sai da ya yi shekara guda bai buga ba. Marcus Lattimore na South Carolina bai ci wannan sa'ar ba, gwiwa ɗaya ta tafi a 2011, ɗayar a 2012, San Francisco suka ɗauke shi a zagaye na huɗu amma bai taɓa buga wasan NFL ko ɗaya ba. Duk abun da ƙafarsa za ta iya samarwa a duniya a kwaleji ta samar, kuma wasu ne suka karɓi kuɗin. Maurice Clarett na Ohio State ya gwada kai NFL kotu kan dokar shekara 3, ya ci a kotun farko a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe. To yaron da ke ganin irin wannan, iyayensa na fama, filin wasa cike da mutane sanye da lambarsa, wani ya zo ya ce ga gida ga mota ka biya in ka shiga NFL, ka ce ya ce a'a saboda martabar wasan sha'awa? Wasu za su ce a'a ɗin, amma ba abun mamaki ba ne in wani bai ce ba. Shi yasa a Disamban 2016 da Christian McCaffrey na Stanford da Leonard Fournette na LSU suka ƙi buga wasan ƙarshen kakarsu don kar su ji ciwo kafin diraft, aka yi ta surutu, amma duka biyun ranin bak ne kuma lissafinsu daidai ne, dukkansu an ɗauke su cikin goman farko.

Shi kansa Bush a NFL bai zama abun da aka zata ba. Ya yi kaka 11, ya ci kofi, ya haura yadi 1,000 sau biyu, a Miami Dolphins 2011 da Detroit Lions 2013, sana'a ce mai kyau amma ba ta kai ta USC ba, don a NFL masu tsaron ma gudu ne da su, wannan birkin da juyawar ba kullum suke ci ba, ga ciwon gwiwa. Wato Reggie Bush ɗin da duniya ke tunawa, na 2004 da 2005 ne, wanda aka ce bai cancanci ko kuɗin haya ba.

Daga baya ginin ya fara rushewa, kuma kotu ce ta rushe shi ba tausayin NCAA ba. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwandon UCLA, ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ba a biya shi ba ya kai ƙara a 2009, ya yi nasara a 2014. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 da ta ba 'yan wasan kwaleji damar cin kuɗin sunansu da hotonsu, wasu jihohi suka bi. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 9 ba wanda ya saɓa, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma abun lura Shawne Alston ɗin da shari'ar ke ɗauke da sunansa shi ma tsohon ranin bak ne na West Virginia. Ranar 1 ga Yuli 2021 NCAA ta saki, kowa na iya talla, kowa na iya ɗaukar wakilin da zai nemo masa tallan. A 2022 wani ɗan USC, Caleb Williams, ya ci Heisman, ana ganinsa a tallace-tallacen talabijin yana ɗalibi, a makaranta ɗaya, kofi ɗaya, ba wanda ya ce uffan.

Bush ya ce to a dawo masa da nasa. USC dama ta janye raba garin tun Yunin 2020 da shekara 10 suka cika. Masu kofin Heisman suka ce sai in NCAA ta dawo masa da tarihinsa, NCAA ta ce ba za ta sake duba tsofaffin hukunce-hukunce ba, a cikin bayanin nata kuma ta ambaci tsarin biyan ɗan wasa don ya buga, wanda Bush ya ce ƙazafi ne don ko rahotonsu bai ce USC ta biya shi ba, ya maka su a kotu a Agustan 2023. A shekarar aka sa shi a zauren gwarazan ƙwallon kwaleji, wato mutumin da a hukumance kakarsa mafi kyau ba ta faru ba. Johnny Manziel, wanda ya ci kofin a 2012, ya fito ya ce ba zai sake zuwa bikin ba sai an mayar wa Bush nasa. Ranar 24 ga Afrilu 2024 masu kofin suka gaji da jiran NCAA, suka kira shi suka miƙa masa, suka ce yanayin wasannin kwaleji ya canza gaba ɗaya.

Bai tsaya nan ba, a Satumban 2024 ya sake shigar da wata ƙarar, wannan karon har da USC ɗin kanta da gasar Pac-12 da NCAA, yana neman kuɗin amfani da sunansa da hotonsa da aka yi tun yana ɗalibi da bayan ya tafi, abun da ya ɓata wa wasu magoya bayan USC rai don a ganinsu makarantar ta riga ta sha wuya saboda shi. Sannan a Yunin 2025 wata alƙaliya ta amince da sasancin shari'ar House, NCAA da manyan gasanni za su biya kusan dala biliyan 2.8 na baya, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko kai tsaye daga aljihunta. Sai dai kuɗin bayan daga waɗanda suka yi wasa 2016 ya fara, 'yan zamanin Bush da White da Lattimore ba sa ciki, kuma nasarori 14 ɗin nan NCAA ba ta mayar wa USC ba.